Wai da gaske ƙabilar mutum na da alaƙa da lafiyar mai jinyar ciwon mantuwa?

Maman Yusra:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gareni, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja ta don sai na faɗi abin da ya jawo ta.

Shekara huɗu kenan ina jinyar mahaifiyata, ciwon mantuwa ne, da farko mun ɗauka gigin tsufa ne kawai sai da ta kai ta fita ta kasa gane hanyar dawowa sannan muka je asibiti likita yace Alzheimer ne. Mu biyar ta haifa amma ni ce babbar mace, to kun dai san sauran. Ni ke mata wanka, ni ke bata abinci a baki yanzu, da daddare bata barci, da yamma ta yi kuma sai ta fara haɗa kaya wai zata tafi gidan babanta, mutumin da ya rasu tun ban zo duniya ba. To satin da ya wuce na kaita ganin likita, nas ɗin ta kalle ni tace ke ma kawo hannunki in auna ki, wlh da wasa na miƙa, sai ga jinina ya hau sosai, ta bari na huta ta sake aunawa haka dai. Ni da ban taɓa sanin ina da hawan jini ba. Ta tambaye ni ko ina cikin damuwa nace mata a'a lafiyata lau, kuma ba ƙarya nayi ba har raina haka nake ji, uwata ce fa, ban taɓa kallon jinyarta a matsayin wani kaya ba.

Da na dawo ina ta dube-dube a waya sai na ci karo da maganar wai masu bincike sun gano lafiyar masu irin wannan jinyar ta bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila, wai wasu sun fi jurewa a zuciya amma jikinsu ya fi cin wuya. Abin ya tsaya min a rai. Shin a jini abin yake, ko tarbiyya ce, ko dai surutun masu bincike ne kawai? In kuma gaskiya ne ya mutum zai yi tunda ba wanda ya zaɓi inda za a haife shi?

Abu_Safwan:

Wa'alaikumus salam Maman Yusra. Allah ya ba Mama sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri.

Ba surutu bane, an yi binciken sosai, sai dai yawanci a Amurka aka yi shi, don haka in kinji ance ƙabila to ana nufin Turawa farar fata, da baƙaƙen fatar Amurka, da 'yan asalin Latin Amurka masu jin Sifaniyanci, sai 'yan asalin Asiya. Wanda aka fi kafa hujja dashi na wasu masana biyu ne, Pinquart da Sörensen, a 2005. Su ba sabo suka yi ba, bincike 116 suka tattaro wanda wasu suka riga suka yi kan masu jinyar tsofaffinsu a gida suka haɗa sakamakon wuri guda. Abin da ya fito shine baƙaƙen fata in an tambaye su sun fi Turawa cewa jinyar bata yi musu nauyi ba, alamun ciwon damuwa ma sun fi ƙaranci a wajensu. 'Yan Latin da 'yan Asiya kuma akasin haka, damuwarsu ta ɗara ta Turawa. Amma da aka zo kan lafiyar jiki sai duka ukun suka fi Turawa rashin lafiya, har da waɗanda suka ce jinyar bata yi musu nauyi ba ɗin. Kinga kenan abin da ya faru tsakaninki da nas ɗin nan ba ke kaɗai bace.

Sun kuma lura da cewa a waɗannan ƙabilun mai jinyar galibi 'ya ce ko ɗa, ba miji ko mata ba kamar yadda aka fi samu a Turawa, shekarunsu basu kai ba, samunsu bai kai ba, awannin da suke yi a jinya sun fi yawa, kuma sun fi ɗaukar kula da iyaye a matsayin wajibi da ba a tambayar dalilinsa.

Shi kuwa jiki baya jiran izinin zuciya kafin ya gaji. Akwai wata masaniya a jami'ar jihar Ohayo, Janice Kiecolt-Glaser, a 1995 ta ɗauki mata 13 masu jinyar 'yan uwansu masu ciwon mantuwa da wasu 13 sa'anninsu da basa jinya, da yardarsu aka yi wa kowacce ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu aka zuba ido. Na masu jinyar sai da ya ƙara kusan kwana 9 kafin ya warke. Rashin barci da zama cikin shirin ko-ta-kwana dare da rana suna taɓa garkuwar jiki, suna taɓa jini, ko da mutum yana yin abin da zuciya ɗaya.

A jini yake? Ni dai a'a zan ce. Amma bari in ji na wasu, na cika ku da surutu.

Ɗanlami77:

Malam Abu Safwan ka kawo bayani amma ni fa duk sanda naji ance ƙabila kaza ta fi ƙabila kaza ciwo, tambayar farko da nake yi itace nawa ne a aljihunsu. Ka ɗauki mata biyu kowacce uwarta na da ciwon nan, ɗaya tana da inshorar lafiya mai kyau, tana da kuɗin ɗaukar mai taya ta kwana uku a sati, in abin ya gagara ta kai tsohuwar gidan kula da tsofaffi ta dinga zuwa dubiya, ɗayar kuma aikin awa take yi in bata je ba ba albashi, ta dawo ta ɗora da jinya har asuba. Kai kanka kasan wacce zata fara faɗuwa, kuma ba sai ka tambayi ƙabilarta ba. A Amurka ai kowa yasan tazarar dukiya tsakanin farare da baƙaƙe ba ƙarama bace, sannan hawan jini da ciwon suga dama can sun fi yawa a baƙaƙen tun kafin a zo maganar jinya, to mutum ya shigo jinyar da ciwonsa a jiki, dole a auna a ga ya fi jigata.

Ga kuma wani abu, su gidajen nasu ma ciwon ya fi shiga. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka tana cewa tsofaffin baƙaƙen fata sun kusa ninka farare sau biyu wajen kamuwa, 'yan Latin kuma kamar sau ɗaya da rabi. Kafin wani yace to ai ga jinin nan, akwai binciken da Hugh Hendrie da abokan aikinsa suka daɗe suna yi, suka kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a Indiyanafolis, mutanen da asalin kakanninsu duk Afirka ta Yamma ne, sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa a Ibadan basu kai rabin na can ba. In launin fata ne ke yin aikin ai da an tashi kunnen doki. Don haka ni a ganina kalmar ƙabila ɗin nan rufa ce kawai, in ka ɗaga zaka tarar da talauci da irin rayuwar da mutum yayi a ƙasa.

Anti Nas:

Ɗanlami gaskiyarka rabi ce ƙanina, kuɗi na ciki amma ba shi kaɗai bane, kuma ni da idona nake gani. Aikin jinya nake a Ingila, sashen tsofaffi, shekaru da dama yanzu, kuma nan ganin likita ba a biya amma duk da haka bambancin na nan daram.

Na farko, zuwa da wuri. Baturiya tana ganin mijinta ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar zata kawo shi a duba. Iyalan Indiya da Pakistan da Bangaladash da na Afirka da Karebiyan da yawa sai abin yayi nisa, sai tsohon ya ɓata a titi 'yan sanda sun dawo dashi ko ya faɗi ya karye, sannan muke ganinsu, a lokacin ita mai jinyar ta riga ta yi shekara uku ko huɗu tana fama ita kaɗai ba wanda ya taɓa gaya mata sunan abin da take fama dashi. A harsuna da yawa na Kudancin Asiya babu ma kalmar wannan ciwon, ko dai ace tsufa ne ko ace hauka, kuma wa zai so a ce uwarsa ta haukace? Sai a rufe ƙofa, a daina karɓar baƙi, ita mai jinyar ta daina fita, ƙawayenta su watse. Suna ba ƙaramin abu bane fa, Japan sai da gwamnatinsu ta canza wa ciwon suna a 2004 saboda tsohon sunan yana ɗauke da ma'anar wauta, mutane na jin kunyar faɗa.

Na biyu harshe, wannan shi ya fi ban tausayi. Mutum yazo ƙasar nan yana saurayi yayi shekara hamsin yana Turanci, ciwon na kama shi sai Turancin ya fara zubewa ya koma harshen da uwarsa ta yi masa magana dashi. To ko an turo mai taimako gida basa jin juna, tsohon ya tsorata ya ƙi yarda ta taɓa shi, dole 'yar da ke jin harshen ita ce dai zata tsaya. Hutun da dokar ƙasa ta bata yana nan a takarda amma bata isa ta ɗauka ba.

Na uku laifinmu ne mu ma'aikata, ba zan ɓoye ba. Akwai maganar da ake yawan yi a nan wai su ai suna kula da nasu. Ma'aikaci yaga gida cike da mutane sai ya ɗauka akwai hannuwa da yawa, bai san duk cikar gidan nan mace ɗaya ce ke wanki da goge kashi da tashin dare ba, sau da yawa ma matar ɗa ce. A Ingila tun dokar kula ta 2014 mai jinya na da haƙƙin a zauna da ita a auna nata buƙatun daban da na mara lafiyan, amma in ka tambayi matar ko ita mai jinya ce sai tace a'a ni 'yarsa ce. Shikenan an rufe fayil. Mu bamu iya tambaya ba, su kuma basu saba a tambaye su ba.

Kuma abin ƙaruwa zai yi, wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya ƙiyasta a 2013 cewa mutum kusan 25,000 ne daga ƙananan ƙabilu ke da ciwon a Ingila da Wales, kuma zasu haura 170,000 nan da 2051.

Maman Yusra ƙanwata, maganin hawan jinin nan kar ki yi wasa dashi dan Allah. Ki sa shi kusa da na Mama, duk sanda kika bata nata ki haɗiye naki.

Hajiya Kaka:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta min ina faɗa. Na yi jinyar maigidana shekara bakwai da wannan ciwo har Allah ya karɓi abinsa, to ina ganin ina da ta cewa.

Naji kuna ta magana kamar wanda yace shi bai gaji ba ɓoyewa yake ko bai san kansa ba. Ba haka bane ko yaushe. Ni lokacin da nake jinya in aka tambaye ni nace Alhamdulillah, gaskiyata nake faɗa, imani da sanin cewa akwai lada shi ya riƙe ni, da babu shi da ban kai shekara biyu ba. Kada ku raina wannan. Waɗancan baƙaƙen na Amurka da aka ce sun fi samun natsuwa ni ban yi mamaki ba, mutumin da ya taso yaga uwarsa ta yi jinyar kakarsa ba zai ga abin a matsayin bala'in da ya faɗo masa shi kaɗai ba.

Amma inda na yi kuskure, na ɗauka tunda zuciyata ta ɗauka to ƙafafuna da bayana ma sun ɗauka. 'Ya'yana suka ce a samo mai taya ni na ƙi, nace me mutane zasu ce, ina raye wata ta yi wa mijina wanka. Shekara biyu ina ɗaga shi ni kaɗai daga gado zuwa kujera, yau gashi bana iya sunkuyawa, sallah a zaune nake yi. Ba wanda ya tilasta min, kunya ce da gudun bakin mutane, kuma su mutanen da nake gudun bakinsu ko sau ɗaya basu zo sun kwana dashi ba.

Yarinya ki kira 'yan uwanki maza. Shi ma namiji uwarsa ce.

Abu_Safwan:

Hajiya Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Baba. Abin da kika faɗa kusan shine abin da masana suka yi shekaru suna kai-kawo a kai. Da can an ɗauka riƙon zumunci irin na 'yan Latin da 'yan Asiya garkuwa ne ga mai jinya kai tsaye, sai Bob Knight da abokan aikinsa suka duba suka ga ba lallai ba, in zumuncin yana nufin mutane na zuwa suna karɓarki to yana taimako, in kuma ya tsaya a kan wajibi ne kawai, dole ke zaki yi kuma ba ki da bakin kuka, to ƙara nauyi yake. Abu ɗaya ne a baki amma biyu ne a aikace.

Ɗanlami ban ƙi taka ba, sai dai ko an cire bambancin samu a lissafi ba duka tazarar ke ɓacewa ba, abin da Anti Nas ta lissafa yana nan, ga kuma rashin yarda da asibiti ga mutanen da suka saba a wulaƙanta su a can. Kuma a yi hattara da kalmomin ma, in ance 'yan Asiya an cusa ɗan Sin da ɗan Koriya da ɗan Filifin a buhu ɗaya, alhali ba harshe ɗaya ba, ba hali ɗaya ba. Sannan ma'aunin da ake auna nauyin jinyar dashi, wanda aka fi amfani dashi na wani masani Zarit mai tambayoyi 22, da Turanci aka fara tsara shi, kuma ana tambayar mutum kai tsaye ko yana jin ɗan uwansa ya zame masa nauyi. Wani ko zai mutu ba zai amsa da eh ba.

Abin da yasa nake cewa ba jini bane, in an taimaka abin na sauyawa. An yi wani gwaji a Amurka mai suna REACH II, aka buga a 2006, masu jinya 642 daga 'yan Latin da farare da baƙaƙe a birane biyar. Rabi aka dinga zuwa gidajensu ana kiransu a waya wata shida, ana koya musu yadda zasu bi da rikicin mara lafiya, da kula da lafiyar kansu, da neman taimako, masu jin Sifaniyanci da harshensu aka yi musu. A ƙarshe masu ciwon damuwa a cikinsu kashi 12.6 ne cikin ɗari, ɗaya rabin kuma 22.7. 'Yan Latin da farare sun amfana sosai, a baƙaƙe kuma waɗanda ke jinyar miji ko mata ne suka fi amfana, wanda ke nuna ko taimakon ma ba riga ɗaya ce zata shiga kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da wani shiri kyauta na masu jinya, iSupport, ana samunsa a intanet. Ita hukumar ce tace sama da mutum miliyan 55 ke da ciwon a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, kuma mata ke yin kusan kashi 70 na awannin jinyar. Wato inda masu jinyar suka fi yawa nan ne aka fi ƙarancin auna lafiyarsu.

Maman Yusra:

Na gode ƙwarai jama'a, wlh ban zaci zan samu amsa haka ba. Hajiya maganarki ta sa ni kuka, don ni ma ƙanina ya taɓa cewa a ɗauko mai kwana da ita na hana, har fushi nayi dashi wai yana so ya nuna na gaza. Jiya da daddare na tura musu saƙo duka huɗun nace ina son mu zauna ranar Asabar, na kuma tura musu hoton takardar awon jinina ba tare da nace komai ba, babban yayanmu ya kira ni nan take, abin da ya fi wata uku bai yi ba. Ban san me zai fito ba tukun, ɗaya ƙanwar tawa har yanzu bata buɗe saƙon ba.

Anti Nas na fara shan maganin, na ajiye shi kan nata kamar yadda kika ce. Amma dan Allah ina da wata tambayar, wannan haɗa kayan da take yi da yamma tace zata gidan babanta, in gaya mata gaskiya cewa ya rasu ko in bi ta a hankali? Don duk sanda na faɗa mata sai ta fashe da kuka kamar yau ta fara ji, ni kuma bana son yi mata ƙarya.

Anti Nas:

Kar ki sake gaya mata ya rasu, kullum sabon makoki kike sa ta kuma ba zata riƙe ba. Ba sai kin yi ƙarya ba, ki ce Mama kina kewarsa ko, bani labarinsa, ki zauna ki taya ta ninke kayan. Ki kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, ki rage hayaniya a lokacin, barcin rana kuma kar ya yi tsawo. In rikicin ya ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ki kaita a duba fitsarinta, sau da yawa ciwon mafitsara ne ke birkita su haka. Ranar Asabar ɗin kuma kar ki ce musu ku dinga taimakawa, ki rubuta ranaku ki sa sunan kowa a gaban nasa daren.